Wasan harba ƙananan rokoki: abin da ya kamata ku sani

Idan aka ambaci roka a wajenmu, abu biyu ne ke faɗo wa mutum a rai: ko dai makamin yaƙi da ake jin labarinsa a rediyo, ko kuwa wancan ƙaton abin da ke ɗaukar tauraron ɗan'adam zuwa sararin samaniya. Akwai ta uku wadda ba a cika saninta ba. Ita wannan tsawonta bai fi kamu guda ba, da kwali da roba da katako marar nauyi ake yin ta, kuma sau da yawa wayar hannu ta fi ta nauyi. Ana zura ta a wani siririn ƙarfe da aka kafa a tsakiyar fili, a ja da baya, a ƙirga daga biyar zuwa ɗaya, a danna maɓalli. Kafin mutum ya gama ɗaga kai ta yi mita ɗari biyu ko uku a sama. Can sai a ga kanta ya cire, 'yar lema ta buɗe, ta sauko a hankali. Mai ita ya je ya ɗauko abarsa, ya sa mata sabon inji, ya sake harbawa.

Kusan shekara saba'in ke nan ana wannan wasa a Amurka, daga can ya bazu zuwa Turai da Japan da wasu ƙasashe. Yara 'yan firamare na yi, dattawa masu furfura na yi. Wanda ya hango daga nesa zai ɗauka wasan wuta ne irin na lokacin biki, alhali masu yin sa sun fi kowa ƙin a haɗa su da wasan wuta. Dalilinsu yana cikin tarihin yadda abin ya faro.

Yadda aka raba yara da albarushi

A ranar 4 ga Oktoba 1957 Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik, tauraron ɗan'adam na farko. Hankalin Amurka ya tashi, matasanta kuma, waɗanda da ma sun fara sha'awar roka tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu, suka ƙara ɗimaucewa a kanta. Babu kantin da ke sayar da injin roka, don haka kowa ya zama mai haɗa nasa a bayan gida. Yaro zai samo bututun ƙarfe, ya ɗura masa kan ashana ko wasu sinadarai, ya toshe, ya kunna. Bututun ƙarfe da aka cika da abu mai cin wuta kuwa, tsakaninsa da bam babu nisa. Yara sun rasa yatsu, wasu idanu, wasu kuma rayukansu.

Mafi shahara cikin yaran wancan zamani shi ne Homer Hickam, ɗan garin Coalwood mai haƙar kwal a jihar Birjiniya ta Yamma. Shi da abokansa sun yi ta gwaji har suka ci lambar zinariya a gasar kimiyya ta ƙasa a 1960, daga baya kuma ya zama injiniya a hukumar NASA. Labarinsu ne ya zama littafin Rocket Boys a 1998, aka mai da shi fim mai suna October Sky a 1999. Fim ne mai ƙarfafa zuciya, amma duk wanda zai nuna wa ɗansa shi ya kamata ya gaya masa cewa waɗannan yara sa'a suka taka. Takwarorinsu da suka nakasa ba a yi fim a kansu ba.

Mafita ta fito ne daga inda ba a zata ba. A garin Norfolk na jihar Nebraska akwai wani mai sayar da takalma, Orville Carlisle, wanda ke da lasisin haɗa kayan wasan wuta. A 1954, tare da ɗan'uwansa Robert mai sha'awar ƙananan jiragen sama na wasa, ya ƙera wani ɗan inji a cikin bututun kwali, da 'yar roka mai saukowa da lema. Can a jihar New Mexico kuma akwai G. Harry Stine, jami'in kula da tsaron lafiya a filin gwajin makamai masu linzami na White Sands, wanda ya yi rubutu a mujalla yana jan kunnen matasa kan haɗarin haɗa makamashin roka da hannu. Carlisle ya karanta, sai ya aika masa da injinsa da rokarsa a farkon 1957. Stine ya gwada, ya gane cewa abin da ake nema ke nan. A wannan shekarar ya kafa ƙungiyar da ta zama National Association of Rocketry, wadda har yau ita ce uwar wannan harka a Amurka, ya kuma tsara mata dokokin kariya irin waɗanda ya saba aiki da su a White Sands.

Saura a samu injin da yawa kuma da araha. Wani matashi a birnin Denver mai suna Vernon Estes, wanda iyayensa ke sana'ar kayan wasan wuta, ya ƙera na'urar da ya sa wa suna Mabel, mai fitar da inji guda a kowace daƙiƙa biyar da rabi. Ya kafa kamfanin Estes a 1958, ya koma da shi ƙauyen Penrose na jihar Kolorado a 1961, yana aika wa yara kaya ta gidan waya.

Abin da mutanen nan uku suka yi shi ne raba aikin gida biyu. Ɓangaren da ke kisa, wato haɗa makamashi, suka mai da shi masana'anta inda ake auna komai. Ɓangaren da ke koyar da mutum, wato zane da ƙira da gwaji da awo, suka bar wa mai wasa. A ganina wannan rabon shi ne wasan gaba ɗaya. Wanda ya zauna a ɗaki yana dama sinadarai bai shiga wannan wasa ba, ya koma ainihin abin da aka ƙirƙiro wasan don a raba mutane da shi.

Abin da ke cikin injin

Injin da aka fi amfani da shi bututun kwali ne mai kauri, tsawonsa santimita 7, faɗinsa milimita 18. A gindinsa akwai toshiyar yumɓu mai ɗan rami a tsakiya, ta nan hayaƙi ke fita. Sama da ita akwai albarushi, dangin wanda ake ɗura wa bindigar toka, sai dai shi an matse shi da na'ura har ya zama dunƙule mai tauri, don ya ci a jere maimakon ya tashi gaba ɗaya. Sama da albarushin akwai wani sinadari mai ci a hankali, ba ya tura komai, hayaƙi kawai yake fitarwa don a riƙa hango rokar. Daga can ƙarshe sai ɗan garin albarushi kaɗan wanda aikinsa shi ne tunkuɗe kan rokar ya fito da lema. An zaɓi kwali da gangan. In inji ya samu matsala, kwali tsagewa yake yi, ba ya watsa ɓaraguzai kamar ƙarfe. Sau ɗaya ake amfani da shi a jefar.

A jikin kowane inji akwai rubutu kamar C6-5, kuma duk mai wasan nan da shi yake magana. Harafin yana nuna jimillar ƙarfin da ke cikin injin. Kowane harafi ninkin na bayansa ne: B ninkin A, C ninkin B, haka har zuwa G, inda ƙananan rokoki suka tsaya. Lamba ta farko matsakaicin ƙarfin turi ce a ma'aunin niyutan. Niyutan 10 ya kusa nauyin kilo guda, ke nan 6 ya yi daidai da nauyin giram 600. Ba wani ƙarfin a zo a gani ba ne, amma idan rokar duka giram 60 ce, ana tura ta da ninkin nauyinta sau goma, shi ya sa take iya wuce gudun kilomita 300 a awa. Lamba ta ƙarshe ita ce daƙiƙoƙin da za a jira bayan albarushi ya ƙare kafin lema ta fito.

Mutane da yawa suna mamaki idan suka ji cewa injin C ba ya kai daƙiƙa biyu yana ci. Mafi yawan tsawon da roka ke kaiwa, da injin a mace take kai shi, gudun da ta riga ta ɗauka ne ke ɗaga ta. Shi ya sa lambar jinkiri ke da muhimmanci. In lema ta buɗe da wuri rokar na tsaka da gudu, iska za ta yaga ta. In ta makara, rokar ta riga ta juyo da kai ƙasa. Gwani yana so lema ta fito daidai lokacin da rokar ta tsaya cak a ƙololuwa.

Me ke ɗaga ta tun farko? Ku hura balan-balan ku sake ta ba tare da kun ɗaure bakin ba: iska na fita ta baya, ita kuma tana yin gaba. Wannan ita ce doka ta uku cikin dokokin motsi da Isaac Newton ya wallafa a 1687, cewa duk abin da ka tura, shi ma yana tura ka da ƙarfi daidai da naka. Roka na jefa hayaƙi ƙasa da matsanancin gudu, hayaƙin na tura ta sama. Ba iskar waje take dogara da ita ba, kuma ko manyan masu ilimi sun yi tuntuɓe a nan. A 1920 jaridar New York Times ta yi wa Robert Goddard ba'a don ya ce roka za ta yi aiki a inda babu iska, ba ta janye maganar ba sai a Yulin 1969, lokacin da kumbon Apollo 11 ke kan hanyarsa ta zuwa wata. Shi Goddard ɗin, da ya harba roka ta farko mai amfani da makamashin ruwa-ruwa a ranar 16 ga Maris 1926 a jihar Massachusetts, mita 12 da rabi kawai ta tashi, cikin daƙiƙa biyu da rabi. Ƙaramin injin A a hannun ɗan firamare ya ninka wannan sau da dama.

Dalilin da wata ke miƙewa, wata ke hajijiya

Nan ne ainihin ilimin yake, nan ne kuma sabon shiga ke shan kaye. Ƙaramar roka ba ta da matuƙi, ba ta da kwamfutar da ke gyara mata hanya. Siffarta ce kaɗai ke riƙe da ita.

Akwai wurare biyu a jikin kowace roka da ido ba ya gani. Na farko cibiyar nauyi: ku ɗora rokar a kan yatsa, da injinta a ciki, inda ta daidaita ba ta rinjaya ko'ina ba, nan ne. Duk juyin da za ta yi a sama, a kan wannan wuri za ta yi shi. Na biyu cibiyar turin iska, wato wurin da za a ce duk ƙarfin iskar da ke bugun gefenta ya taru. Fukafukan da ake manna mata a gindi su ne ke jan wannan wuri zuwa baya. Idan cibiyar nauyi na gaba, ta wajen kai, cibiyar iska kuma na bayanta, to duk lokacin da rokar ta ɗan karkata iska za ta bugi gindin ta mai da shi layi. Idan aka samu akasin haka, iskar da ya kamata ta gyara ita za ta ƙara karkatar da ita, sai rokar ta shiga wulwulawa a kan mutane da wuta a gindinta. Ƙa'idar da masu wasan suka riƙe ita ce tazarar da ke tsakanin wuraren biyu ta kai faɗin jikin rokar sau ɗaya zuwa biyu. In ta yi yawa ma akwai matsala, domin rokar za ta riƙa juya kai tana fuskantar iska maimakon ta miƙe sama.

Wani injiniyan NASA, James Barrowman, shi ya fitar da lissafin gano cibiyar iska a tsakiyar shekarun 1960, kuma har yau da shi ake aiki. A 2009 wani ɗalibi a ƙasar Finland, Sampo Niskanen, ya rubuta manhajar OpenRocket a matsayin aikin digirinsa na biyu. Kyauta ce. Mutum zai zana rokarsa a kwamfuta, ya zaɓi inji, manhajar ta nuna masa inda cibiyoyin biyu suke da tsawon da za ta kai. Wanda ba shi da kwamfuta yana da tsohuwar dabara: ya ɗaura igiya daidai cibiyar nauyi, ya riƙa wulwula rokar a saman kansa. In ta juya da kanta ta sa kai gaba, lafiya lau. In ta ƙi, a ƙara mata nauyi a kai ko a faɗaɗa fukafukai.

Dokokin fili

Dokokin da Stine ya faro ba su da yawa, kuma kowace akwai dalilinta. Ba a sa ƙarfe a kai ko jiki ko fukafukai. Ba a amfani da inji sai wanda aka saya aka kuma tantance, ba a kuma taɓa cikinsa. Ba a kunnawa da ashana: wata siririyar waya ake cusawa a ramin injin, a jona ta da batir ta doguwar waya, ga ɗan makulli da sai an zura shi maɓalli zai yi aiki. Ana tsayawa nesa da aƙalla mita 5 ga ƙananan injuna, kusan mita 10 ga manya. In an danna ba ta tashi ba, a cire makulli, a jira minti guda kafin kowa ya matsa. Ba a harbawa idan gudun iska ya wuce kilomita 32 a awa, ba a karkatar da ƙarfen harbi fiye da digiri 30 daga tsaye, ba a saitin komai, ba a harbawa cikin gajimare ko kusa da jirgin sama. Injin C na bukatar fili mai faɗin mita 120 aƙalla, wanda babu busasshiyar ciyawa a inda za a kunna. In roka ta maƙale a wayar lantarki, ta zama ta wayar. A dokar Amurka, muddin roka ba ta wuce giram 1,500 ba, makamashinta kuma bai wuce giram 125 ba, ba a bukatar izinin hukumar jiragen sama. Da waɗannan ƙa'idoji aka harba ɗaruruwan miliyoyin rokoki, haɗari masu tsanani kuma 'yan ƙalilan ne.

Daga harafin H zuwa sama an shiga sahun manya. Ba a sayar wa mutum injin sai ya nuna takardar shaida daga National Association of Rocketry ko ƙungiyar Tripoli, kuma mataki uku ne. Kafin a ba shi takardar, sai ya ƙera roka, ya harba a gaban shaidu, ta dawo ba ta lalace ba. Dawowar ce jarrabawar. Wasu sun kai abin nesa: a Afrilun 2009 wani mai suna Steve Eves ya harba kwaikwayon rokar Saturn V mai tsawon mita 11 a jihar Maryland. A ranar 17 ga Mayu 2004 kuma wata ƙungiyar masu sha'awa ƙarƙashin Ky Michaelson ta harba roka mai suna GoFast daga hamadar Black Rock a jihar Nevada, ta kai kilomita 116, ta tsallake iyakar kilomita 100 da ake ɗauka a matsayin farkon sararin samaniya.

Amma gasar da ta fi burge ni ba ta tsawo ba ce. Tun 2003 ɗaliban sakandare a Amurka ke fafatawa a gasar da yanzu ake kira American Rocketry Challenge. Ana ba su ɗanyen ƙwai su sa a cikin roka. Ana faɗa masu tsawon da za ta kai, yawanci wajen mita 240 zuwa 260, da daƙiƙoƙin da za ta yi daga tashi zuwa sauka, yawanci arba'in da 'yan kai. Wanda ya zarce tsawon an ci shi tara kamar wanda ya gaza. In ƙwai ya fashe, an fita. Tawagogi 100 da suka fi maki ke haɗuwa a jihar Birjiniya don zagayen ƙarshe, zakaru kuma su je Faris ko Farnborough ta Ingila su kara da na wasu ƙasashe. Yaron da ya ci wannan gasa ya auna nauyi giram-giram, ya rubuta sakamakon kowane gwaji, ya san yadda zafin rana ke canza tsawon da rokarsa ke kaiwa. Aikin injiniya ke nan sak.

Mu fa, ta ina za mu shiga?

Najeriya ta kafa hukumar sararin samaniya, NASRDA, a 1999, tana kuma da cibiyar binciken rokoki a Epe ta jihar Legas. Tauraronta na farko, NigeriaSat-1, a Ingila aka ƙera shi, daga Plesetsk ta Rasha aka harba shi a Satumban 2003, waɗanda suka biyo baya ma a rokokin wasu ƙasashe suka hau. A Afirka ta Kudu, Jami'ar KwaZulu-Natal ta harba rokarta ta Phoenix zuwa kusan kilomita 18 a Maris 2021. Masu irin wannan aiki ba a jami'a suke fara son sa ba, tun suna yara ne, kuma yaranmu ba su gaza na kowa ba. Duk wanda ya ga motocin da suke ƙerawa da gwangwani da silifa ya san haka.

Sai dai a faɗi gaskiya: injin albarushi ba hanyarmu ba ce a yanzu. Cikin kayan fashewa ake lissafa shi wajen jigila, ba a shiga jirgin fasinja da shi, ba a aika shi kamar sauran saƙo. A Najeriya akwai dokar abubuwan fashewa tun 1964, ko jirgi marar matuƙi ma tun 2016 sai da izinin hukuma ake tashinsa. Ga halin tsaron da Arewa da kudancin Nijar ke ciki, inda ƙara da hayaƙi a bayan gari kan iya jawo wa mutum abin da bai shirya ba. Intanet kuma cike take da bidiyon masu dafa makamashin roka a tukunya. Ina roƙon iyaye da malamai, kada su bari yaro ya gwada. Wannan ita ce hanyar da ta cinye yatsun yaran 1957.

Hanyar da ke buɗe ita ce roka mai ruwa, kuma ba abin rainawa ba ce. Hukumar sararin samaniya ta Japan na amfani da ita wajen koyar da ɗalibai, cibiyar awo ta ƙasar Birtaniya da ke Teddington na shirya gasarta, a 2015 kuma wata tawaga ta Jami'ar Cape Town ta harba wadda ta ƙera da kaya na musamman zuwa mita 830, abin da ya zama tarihin duniya a lokacin. Dokar Newton ɗaya ce, maganar cibiyar nauyi da cibiyar iska ɗaya ce, wuta ce kawai babu.

Kayan aikin su ne gorar roba ta lemo mai gas, famfon keke, bawul na tsohon tiyub, da toshiyar roba ko ta katako mai laushi wadda za ta cika bakin gorar dam. Dole robar ta zama ta lemo mai gas, domin ita aka yi don ta jure matsi. Ta ruwan sha ba ta da wannan ƙarfin, kwalba kuwa ko kusa. A huda toshiyar a zura bawul ɗin. Bakin gorar shi ne gindin roka. A yanko fukafukai uku ko huɗu daga kwali mai tauri, a manna su da salatif kusa da bakin, tazararsu daidai wa daida. A ɗaya ƙarshen a ɗora saman wata gorar da aka yanke, a sa ɗan yumɓu ko ƙullin yashi a ciki don kai ya yi nauyi. A zuba ruwa kashi ɗaya cikin uku, a toshe, a kifa ta a kan abin da zai riƙe ta tsaye, a jona famfo da dogon tiyo, a ja baya a fara bugawa. Idan matsin ya fi ƙarfin toshiyar, za ta fice da kanta, ruwa ya feso ƙasa, gora ta yi sama.

Me ya sa ruwa, me ya sa kashi ɗaya cikin uku? Iskar da aka matse ita ce ke riƙe da ƙarfin, amma ba ta da nauyin da za a jefa. Ruwa ya fi iska nauyi wajen sau 800, shi ne abin jefawar. In ruwan ya yi kaɗan, ya ƙare kafin iska ta gama aikinta. In ya yi yawa, gora ta yi nauyi, wurin iska kuma ya ragu. Malami ba ya bukatar ya faɗa wa ɗalibai wannan. Ya bar su su gwada rubu'i, su gwada rabi, su rubuta abin da suka gani, za su gano da kansu.

Rashin wuta bai sa ta zama marar haɗari ba. Gorar da ke tashi tana iya fasa ido, don haka ba a leƙa ta daga sama, ba a riƙe ta a hannu, ba a saita ta ga mutum ko dabba. Matsi 40 zuwa 60 a ma'aunin da mai faci ke duba taya ya isa, kuma famfon hannu za a yi amfani da shi, ba injin mai faci ba. Gorar da ta ƙarje ko ta daɗe a rana a canza ta, zafi na raunana roba. In an buga ta ƙi tashi, a saki iskar ta wajen famfo kafin a matsa kusa. A nemi fili nesa da titi da wayoyin lantarki da filin jirgi da barikin jami'an tsaro, babba ya kasance a wurin, a kuma sanar da shugaban makaranta ko mai unguwa tukuna. Da sassafe ko da yamma iska ta fi kwanciya, musamman a lokacin hunturu.

Saura awo, wanda shi ke mai da feshin ruwa ya zama darasi. A ɗauko ma'aunin kusurwa daga akwatin lissafin ɗalibi, a ɗaura zare a tsakiyarsa, a rataya ɗan noti a ƙarshen zaren. Mutum ɗaya ya tsaya mita 50 daga wurin harbi, ya bi rokar da ido ta gefen ma'aunin da ke miƙe, idan ta kai ƙololuwa ya danne zaren ya karanta yawan digirin da ya gusa daga tsakiya. Digiri 45 na nufin tsawon ya yi daidai da nisan da ya tsaya, mita 50. Digiri 30 ya ba da wajen mita 29, digiri 60 kuma wajen mita 87, sai a ƙara tsawon mai awon. Akwai kuma hanyar agogo ga rokar da ba ta da lema: a ƙirga daƙiƙoƙin daga tashi zuwa faɗuwa, a ninka lambar da kanta, a sake ninkawa da 1.2. Daƙiƙa 6 ta ba da wajen mita 43. Amsoshin hanyoyin biyu ba za su zo daidai ba, domin lissafin agogo bai sa jan da iska ke yi wa gorar ba, awon kusurwa kuma ya ɗauka cewa rokar ta miƙe sama ba ta kauce ba. A sa mutum biyu su auna kusurwa daga ɓangarori daban-daban, a ɗauki matsakaicin abin da suka samu, a rubuta shi a littafi tare da yawan ruwa da yawan bugun famfo, kafin a canza abu guda a sake harbawa.